Wa Ya Sa Wa Gahawata Hayaƙi?

Ƙarnul Lauz, dutsen Haraz,
ranar Laraba.

Zuwa ga maiɗakina Taƙiyya, Uwar Nashwan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar alheri, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarmu mai jego da ɗan baƙon da ya zo mana. Yaya sanyin San'a? Yaya gwiwar nan taki, tana barin ki hawa benen surukinki kuwa? Ni lafiyata ƙalau, in an cire abin da zan faɗa miki.

Altaf, na san ke ce mai karanta wa uwarki. Ki karanta yadda na rubuta, ban da tsallake, ban da ƙarin gishiri. Kun san ba na maganar gida a waya, don ban san kunnuwa nawa muryar mutum ke ratsawa kafin ta sauka daga dutsen nan ba. Takarda kuwa na liƙe ta na ba Dirham direba, shi kuma ba ya karatu. Abin da ya sa na yarda da shi ke nan.

Gida ya lalace tun tafiyarki. Ruwan randa ya zama salam, ina sha ne kawai don kar ƙishi ya kashe ni. Na ɗauko kasko zan turara randar yadda kike yi, sai na tarar da gwangwanin turaren lubban ɗinki wayam. Ni na cika miki shi da hannuna a kasuwar Manaha ƙarshen damina. Na san halinki, baƙo ba ya fita gidanki sai kin turara masa riga, kayan jariri ma sai da kika turara su kafin ki ɗaure akwati, amma gwangwani guda ai ba ya ƙarewa haka. Ko matar maƙwabcinmu Mahyub ta shigo aro?

To, ga maganar. Kin san yadda muka yi da ɗanki gaban jama'a. Shekara da shekaru muna sayar wa dillalin kasuwa gahawa, ya haɗa tamu da ta kowa, ya ba mu abin da ya ga dama. Bana ƙungiyar manoma ta ce duk wanda ya tsinki jajayen 'ya'ya zalla ya shanya su daban, za a ɗanɗana, in ta kai daraja ta farko a saya da tsada, a rubuta sunan gonarsa a jikin buhu. Har kika ce bana gahawarmu amarya ce, da sunan gidan ubanta za ta fita. Nashwan kuwa cewa ya yi, “Baba, bishiyar da ke ciyar da mutum sau ɗaya a shekara, shi ma ba a ƙoshi ba, ai ba noma kake yi ba, jinya kake yi.” Na ce masa in gahawar bana ba ta kai daraja ta farko ba, ya tumɓuke gonar Kaka ya dasa ƙat ɗinsa, ganyen nan da maza ke saye kullum suna taunawa, ba zan ce uffan ba. Na faɗa ne don na san bishiyoyin nan. Kakana ya dasa su, ubana ya mutu yana yi musu kaftu.

Jiya saƙo ya zo daga Ustaza Wijdan, yarinyar da ke ɗanɗana wa ƙungiya gahawa. Wai ƙwayar mai kyau ce, amma akwai hayaƙi a cikinta, don haka ta faɗo daraja ta uku.

Hayaƙi, Taƙiyya. Ni da ke muka tsince ta ɗaya bayan ɗaya, muka shanya ta a saman soro, rana ce kaɗai ta taɓa ta. Da hannuna na zuba ta a buhu, na kai ɗakin ajiya na kulle. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai hannun mutum a cikin maganar nan, kuma zan gano shi. Tun jiya ban iya kallon gonar Kaka ba, in na bi ta gefenta sai in sunkuyar da kai kamar wanda ya ci amana.

Ki gaida surukinmu, ki sumbaci goshin jaririn a madadina.

Naki har kullum,
Muƙbil ɗan Hizam.


Ƙarnul Lauz,
ranar Asabar.

Zuwa ga maiɗakina Taƙiyya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar lafiyarki da ta mai jego. Ana ba ta ƙishir, shayin ɓawon gahawa mai citta da kirfa, sosai? Amsarki ta iso ta hannun Dirham, na ji daɗinta ƙwarai. Kin ce Allah ya tona asirin mai hayaƙi, na ce amin har sau uku. Kin kuma tambaya ko amarya ta tafi. Ba ta tafi ba, tana nan a ɗakin ajiya kamar wadda aka fasa aurenta.

Na gano mutumin, ko in ce biri ya yi kama da mutum. Mahyub ne, ɗan baffana. Ki duba da kyau. Soronsa manne yake da namu. Tanderun matarsa yana gindin bangon ɗakin ajiyarmu, daidai ƙasan 'yar tagar nan. Bara mun yi sa'insa a kan ranar ban ruwa daga tafki, ya ce min, “Za mu gani, Muƙbil.” To ga shi mun gani. Sannan gahawarsa, wadda rabinta ɗanya ya tsinka, ita ta sami daraja ta biyu, ta wuce tawa. Da na haɗu da shi a hanyar masallaci har da yi min jaje, yana cewa, “Allah ya mayar da alheri, ɗan baffa.” Wa ya gaya masa? Ya ce duk gari an sani. Na ce ai mai abu shi ke riga kowa sani.

Na aika wa Ustazar nan tambaya, wane irin hayaƙi ne. Ta ce ba na tanderu ba ne, ba na taba ba, hayaƙi ne mai ƙaro-ƙaro, kuma an daɗe ana yi a rufaffen wuri. Kin ji makirci. Wato sai da ya zaɓi itace na musamman don kar a gane tanderunsa ne.

Jiya Juma'a, bayan an ci abinci aka zauna zaman ƙat a zauren Shehun gari, na kasa haɗiye abin. Na faɗa masa gaban kowa. Ya ajiye ganyen da ke hannunsa ya ce, “Muƙbil, ka tsufa ba ka daina ganin ɓarawo a inuwarka ba. Bara ka ce akuyata ce ta ci maka tumatir, ashe jakinka ne.” Mutane suka yi dariya. Dariyar ce ta ƙona ni. Na miƙe na ce, “Wallahi duk wanda ya sa wa gahawata hayaƙi, ni da shi mun raba kwano har abada, ko da uwa ɗaya ta haife mu.”

Shehu ya ce tunda abin ya kai ga rantsuwa, kowa ya ajiye jambiyyarsa. Na zare tawa daga ɗamara na ajiye gabansa, Mahyub ya ajiye tasa. In na kawo hujja, Mahyub ya biya ni gahawata. In na kasa, ni zan ja rago zuwa ƙofarsa in yanka, kamar yadda aka saba yi wa wanda aka yi wa ƙazafi. Yanzu haka yawo nake da ɗamara babu wuƙa, iska na shiga min ciki, yara suna kallona.

Ɗanki bai ce komai ba a zauren. Yana ta tauna, idonsa a ƙasa. Shirun nan nasa bai kwanta min ba.

Ki ci gaba da addu'ar nan taki, tana ci. Ina kewarki, ba na jin kunyar faɗa ko da Altaf na ji.

Mijinki,
Muƙbil.


Ƙarnul Lauz,
ranar Talata.

Zuwa ga Taƙiyya, Uwar Nashwan.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ko da yake ban san ko kina lafiyar ba. Dirham ya dawo hannu rabbana. Na tambaye shi takarda, ya ce babu. Na tambaye shi saƙon baki, ya ce Altaf ta ce a gaya min kin daina cin abinci sosai, kina yawan zama shiru. Mene ne? Gwiwar ce, ko wani ya faɗa miki magana a gidan? In surukinmu ne ki gaya min, ba na son ɓoye-ɓoye.

Ni ma ba na cin abincin. Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na zagaya bayan ɗakin ajiya na duba tagar da nake zargi, sai na ga tun bara na toshe ta da laka da hannuna, lakar ko tsaga ba ta yi ba. Hayaƙin Mahyub ba shi da hanyar shiga. Ta ƙofa aka shiga, Taƙiyya, kuma ba a ɓalle kwaɗo ba. Makullin ɗakin nan uku ne: nawa, naki, da na Nashwan. Ke ba a maganarki.

Da ɗan gari akan ci gari. Wa zai ci riba in gahawar nan ta faɗi? Shekaranjiya mota ta sauke wa Nashwan dashen ƙat, ya jera su a inuwar bango yana ba su ruwa safe da yamma kamar jarirai. Yaushe ya yi odarsu? Ya ce bayan saƙon Ustaza. Ni kuwa na ga dashen sun yi girman da ba na jiya ba. Na ce masa, “Ka yi saurin sayen likkafani, mara lafiya bai mutu ba.” Ya ce, “Baba, kai ka yanke masa ranar mutuwa, ba ni ba.” Na so in tambaye shi makullinsa, sai na fasa. Yaron nan a kafaɗata ya fara tsinkar gahawa. In shi ne, na rantse ba zan ƙara cin abinci kwano ɗaya da ɗana ba, kuma ba na jin zan iya ɗaukar wannan.

Saura ƙofa ɗaya ban ƙwanƙwasa ba, ita Ustazar. Wa ya san ko bakinsu ɗaya da masu saye, a kushe kaya a saya da araha? An ce kurɓa take ta tofar. Mutumin da ke tofar da abincin mutane, ta yaya za a yarda da harshensa? Ranar Alhamis zan sauka Manaha ta ɗanɗana a gabana. Zan tafi da awo ɗaya daga buhunan ɗakin ajiya, da awo ɗaya daga tsinkar ƙarshe, 'yar kaɗan ɗin da na shanya bayan tafiyarki. Ita a ɗakin kwanana na ajiye ta, ba ta taɓa shiga ɗakin ajiya ba. Nashwan zai tuƙa ni. Mahyub ya ce ƙafata ƙafarsa, tunda sunansa ne a bakin mutane.

Ki aiko min ko da kalma ɗaya ce. Shirunki ya fi maganar Mahyub damuna.

Naki,
Muƙbil.


Ƙarnul Lauz,
ranar Lahadi.

Zuwa ga maiɗakina, abokiyar zamana, Taƙiyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga nasa ba. Yaya jikinki, yaya mai jego, yaya jaririn? Altaf, ki kai uwarki ɗaki ki rufe ƙofa kafin ki karanta wannan, abin da kika ji kuma ki bar shi a ɗakin.

Mun je Manaha. Ustaza Wijdan ba ta kai Altaf shekaru ba, amma ba ta da tsoro. Ta ce, “Baffa Muƙbil, an ce ka ce harshena na sayarwa ne.” Na ce ban faɗa da ƙarfi ba. Ta yi murmushi ta karɓi awon biyu, ta ba wani ya ɓare su, ya gasa sama-sama, ba baƙi ƙirin yadda ake yi a kasuwa ba. Ya niƙa, ya zuba a finjalai, ya haɗa da na wasu manoma ya jera a tebur babu suna, ita kanta ba ta san wanne ne na wa ba. Aka zuba tafasasshen ruwa, babu sukari, babu citta, babu komai. Aka jira garin ya taso sama, ta sa cokali ta ture shi, ta sunkuya ta shaƙa. Sannan ta ɗiba ta zuƙa da wata irin ƙara kamar mai kiran akuya, ta tofar a kwano. Mahyub ya raɗa min, “Da a gidana ta yi haka, da ta sha mari.”

Ta bi su duka, ta dawo ta tsaya a kan na biyar ta daɗe. Ta ce wannan kamar an jiƙa zabibi a zuma, bana ba ta ɗanɗani wadda ta fi ta ba. Aka ɗaga finjalin aka duba gindinsa, tsinkar ƙarshe ce ta gonar Kaka. Sannan ta nuna na uku ta ce ga mai hayaƙin. Ta miƙo min cokali. Kin san ni, tun tasowata ɓawon nake sha, ƙwayar ta masu kuɗi ce, sayar da ita muke yi. Ban taɓa sanin ɗanɗanon abin da nake nomawa ba sai ranar.

Na kurɓi na ukun. Ban tofar ba, Taƙiyya, ban iya ba. Ruwan randarki ne. Shi ne ƙamshin rawanina ranar Juma'a, shi ne ƙamshin da nake nema a gidan nan tun da kika tafi ban samu ba. Na tuna gwangwanin da na tarar wayam, na tuna makulli na uku da na ce ba a maganarsa. Amarya za ta fita da sunan gidan ubanta zuwa gidan mutane, yaushe za ki bari ta fita ba ki turara ta ba? Kuma da na rubuto miki hayaƙi, ina za ki gane, ke da ba ki taɓa kiran turare hayaƙi ba? Sai da na ce mai ƙaro-ƙaro, a takardar da na gaya miki rantsuwata. Daga nan kika daina cin abinci.

Ba zan ɓoye miki ba, hali zanen dutse. Sai da zuciyata ta raya min ko da gangan kika yi don ki goyi bayan ɗanki. Tunanin bai kai ƙiftawar ido ba na ji kunyarsa.

Ustaza ta ce, “Baffa, ka gane hayaƙin?” Mahyub ya zuba min ido. Da na faɗa, da an san laifin ba na bishiya ba ne, wataƙila Shehu ya warware alkawarina da Nashwan. Amma sai sunanki ya shiga zauren maza ana taunawa da ƙat, har jikokinmu a riƙa ce musu jikokin mai turara buhu. Na ajiye cokalin na ce, “Ban gane ba, 'yata. Abin da na gane kawai, ba na tanderun Mahyub ba ne.” Da faɗar haka na san na sallama gonar Kaka, don tsinkar ƙarshe ba ta cika buhu ba, alkawarinmu kuwa a kan gahawar bana ne gaba ɗaya. Ina juyawa na ga Nashwan ya ɗauki cokali yana kurɓar na ukun.

A hanyar dawowa Mahyub ya sauka sayen burodi, muka rage mu biyu a mota. Nashwan yana kallon gaba ya ce, “Baba, ashe har Manaha ake sayar da ruwan gidanmu.” Na ce ban san abin da yake nufi ba. Ya ce, “Ni ma ban sani ba.” Can ya ce, “Dashen nan zan kai su gangaren ƙasa inda ba a shuka komai. Bana ba a gwada gonar Kaka ba, gwangwanin Umma aka gwada. Baɗi ma gani.” Na juya ina kallon dutse don kar ya ga idona. Yaron da na yi kwanaki ina auna wuyansa da zargi, shiru kawai zai yi ya ci gona, bai yi ba. Ko da yake saurin yardar nan tasa ina sa mata ido.

Jiya na ja ragon layyarmu har ƙofar Mahyub na yanka gaban jama'a, na sumbaci kansa. Ya ce, “Jakinka ne kuma, ko?” Na ce jakina ne. Shehu ya mayar min da jambiyyata. Buhunan an sayar wa dillali yadda aka saba, na dai riƙe guda ɗaya. Kowace safiya ina gasa 'yar kaɗan in sha. Daraja ta uku ce a wurinsu.

Saura rantsuwa. Na je wurin liman ban faɗi suna ba, ya ce wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga wanda ya fi shi alheri, ya yi kaffara ya bi alherin. Yau na ciyar da miskinai goma, miyar salta da burodi, da sauran naman da Mahyub ya aiko min, don ɗan baffan nawa ya fi ni kirki, ki bar wannan ma a ɗakin.

Don haka ki ci abinci, Taƙiyya. In an yi arba'in ki biyo Dirham ki dawo. Ki taho da lubban na San'a, mai yawa, ki turara randa, ki turara rawanina, ki turara ni in kin ga dama. Makullin ɗakin ajiya ne kawai zan karɓa in rataya a ɗamarata. Kwanon nan namu na dutse da muke cin salta yana nan, ban ci a cikinsa ba tun tafiyarki. Na wanke shi da kaina na kife, yana jiran hannu biyu.

Mijinki mai yawan zato, wanda bai taɓa zaton zai iya zama babu ke ba,
Muƙbil ɗan Hizam.